Tsoro Mai Kama da Laifi: Yadda Tsoffin Labaran Bincike Suka Nuna Zuciyar Wanda Ake Gallaza wa a Gida

Labaran binciken kisa, daga na Sherlock Holmes har na Hercule Poirot, a kan tunani guda aka gina su: mai laifi yana da alama. Muryarsa za ta yi rawa, zai kau da ido, zai ɓoye wani abu, zai faɗi magana yau gobe ya sauya ta. Aikin mai bincike shi ne ya zuba ido har alamar ta fito. Mu ma haka muke cewa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai dai akwai mutum guda da ke rusa wannan lissafi, wato wanda ya yi shekara da shekaru ana gallaza masa a cikin gidansu. Shi ma ba ya jimirin as, alhali babu kaza a aljihunsa. Yana firgita, yana ƙarya, yana rufe ciwonsa, yana kare wanda ya ji masa ciwon. Marubutan Ingila da Amurka da suka kafa wannan fanni, tun daga wajen 1860 har zuwa shekarun yaƙin duniya na biyu, sun yi ta cin karo da irin wannan mutum, galibi mace, kuma dole ta sa suka koyi bambanta ƙaryar mai laifi da ƙaryar mai tsoro. A ganina nan ne suka yi abin a yaba, kuma daga nan ne ake hango inda suka gaza. Wanda bai karanta littattafan ba ya yi mini afuwa, zan tona ƙarshen wasu, don maganar ba ta yiwuwa sai da hakan.

Sai an san dokar wancan zamani kafin a gane abin da ya hana matan cikin labaran nan tattara kayansu su bar gidan. Dokar aure ta Ingila ta 1857 ta ba miji damar rabuwa da matarsa idan ya tabbatar ta ci amanar aure. Ita kuwa matar, cin amanar miji bai ishe ta hujja ba sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa ko ƙaurace mata; duka shi kaɗai kuma ba ya kashe aure. A 1878 marubuciya Frances Power Cobbe ta wallafa maƙala mai zafi kan yadda ake azabtar da matan aure a ƙasar, kuma a shekarar ne majalisa ta ba ƙananan kotuna ikon raba mace da mijin da aka samu da laifin yi mata mugun duka. Raba zama ne kawai, igiyar aure tana nan. A 1891, a shari'ar wani Edmund Jackson da ya sace matarsa a ƙofar coci a garin Clitheroe ya kulle ta a gida, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa miji ba shi da ikon tsare matarsa. Kafin azabtarwa ta zama hujjar saki mai zaman kanta, sai da aka kai 1937.

A wannan shekara ta 1891 Arthur Conan Doyle ya fitar da A Case of Identity, kuma farkon labarin ya nuna idon da ake kallon abin da shi. Dakta Watson, abokin Holmes, ya ɗauki jarida, ya ga kanun labari kan miji mai azabtar da matarsa, ya ce ba sai ya karanta ba, ya riga ya san abin da ke ciki: wata mace a waje, giya, hankaɗa, naushi, tabo, da 'yar'uwa mai tausayi. Misalin labarin da aka gaji da ji ya kawo. Ke nan dukan mace bai kai a taso mai bincike ba. Sai an sami gawa, ko ana gab da samu, sannan ciwon da ya daɗe a gidan yake samun mai dubawa.

Wata biyar bayan haka, a Fabrairun 1892, mujallar Strand ta buga The Speckled Band, wanda daga baya Doyle ya sa shi a gaba cikin gajerun labaran Holmes da ya fi so. Helen Stoner ta iso ɗakin Holmes da sassafe tana karkarwa. Ya ce ta matso kusa da wuta, ta ce ba sanyi ba ne, tsoro ne. Watson ya dube ta da idon likita, ya ga mace 'yar kimanin shekara talatin amma furfura ta riga ta fito mata, idanunta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Agola ce a gidan Dakta Grimesby Roylott, mutumin da ya taɓa dukan mai yi masa hidima har lahira a Kalkata ta Indiya, ya yi zaman kurkuku, ya dawo gidan kakanninsa a Stoke Moran ya zama abin tsoron ƙauye. Babu ɗan aikin da ke iya zama da shi, don haka ita da Julia, 'yar'uwarta da suke tagwaye, ke yin aikin gida duka. Ba ƙawa, ba ziyara, sai gidan wata 'yar'uwar mahaifiyarsu jefi-jefi. Ranar da ya jefa maƙerin ƙauye cikin rafi, Helen ce ta tattaro ɗan abin da ke hannunta ta biya don kada magana ta fita.

Ta ba da labarin mutuwar Julia dalla-dalla, amma ba ta ce uffan kan abin da ake yi mata ita ba. Holmes ne ya ce mata tana rufa wa mijin uwarta asiri, ya ɗage leshin bakin hannun rigarta, sai ga shatin yatsu biyar a wuyan hannunta. Kunya ta kama ta, ta yi maza ta rufe wurin, ta ce ai mutum ne mai tsauri, wataƙila bai san ƙarfinsa ba. Mace ce fa da ta bar gida tun duhun asuba ta hau jirgin ƙasa zuwa Landan don tana jin ranta yana cikin haɗari, amma da aka nuna shaidar hannunsa a jikinta, uzuri ta nema masa. Kunyar da ta cancanci mai dukan, a kan wadda aka daka ta sauka. Ko zafin zuciyarsa ma, tun farkon bayaninta ta jingina shi ga gado da daɗewa a ƙasar zafi. Duk wanda ya taɓa zama wajen sasanta ma'aurata ya san irin wannan amsa.

Akwai wasu abubuwa biyu da Doyle ya kama a bakin Helen. Ta ce abin da ya fi cin ranta shi ne tsoron nata ba shi da abin nunawa, ƙananan abubuwa ne da kowa zai raina, har Percy Armitage da zai aure ta yana ɗaukar su ruɗun mace mai raunin zuciya. Bai faɗa mata da baki ba, amma tana gani a yadda yake lallashinta yana kau da ido. Ga wanda ake zalunta a ɓoye, rashin mai gaskata shi ciwo ne na biyu, don a hankali yakan fara tuhumar hankalinsa. Na biyun kuma, da ta ji Roylott ya bi sawunta har Landan, sai jini ya bar fuskarta, ta ce wayonsa ya kai ba ta taɓa sanin lokacin da ta tsira daga gare shi ba. Ko ba ya nan yana nan. Likitocin ƙwaƙwalwa sun zo daga baya sun bayyana wannan zaman ɗarɗar da jiki ke koya har ya kasa kwancewa, amma Doyle ya riga ya rubuta shi da kalmomin kowa da kowa.

A The Abbey Grange na 1904 ƙaryar ta fi girma, don an riga an kashe mijin. Uwargida Mary Brackenstall, 'yar Adelaide ta Ostireliya, ta tsara wa 'yan sanda labarin ɓarayin da suka shigo suka kashe Sir Eustace. Hannun rigarta ya zame, Holmes ya ga jajayen tabo biyu a damtsenta, ta rufe ta ce ba komai ba ne, bai shafi abin da ya faru jiya ba. Daga bakin Theresa mai yi mata hidima aka ji cewa da dogon tsinken maƙale hula mijin ya soke ta. Sufeto Hopkins kuma ya san mutumin ya taɓa zuba wa karen matar kananzir ya cinna masa wuta, aka rufe maganar da ƙyar. Ashe an sani. 'Yan sanda sun sani, ma'aikatan gida sun sani, babu wanda ya motsa. Abin lura shi ne matar tana iya tsine wa dokokin sakin Ingila a gaban baƙi, tana iya kiran mijinta mashayi, amma tabon da ke jikinta shi take ɓoyewa. Wani ɓangare na ɓoyon don ta kare Kyaftin Croker ne, wanda ya kashe mijin lokacin da ya ga ya maka mata sanda a fuska. Holmes ya naɗa kansa alƙali, ya sa Watson ya tsaya a madadin jama'a, suka wanke kyaftin ɗin ba tare da sanin hukuma ba. Doyle ba daga nesa yake kallon irin wannan gida ba: mahaifinsa giya ta ci ƙarfinsa har ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali a 1893, shi kuma a 1909 ya karɓi shugabancin ƙungiyar neman gyaran dokar saki.

A shekarar 1904 ɗin dai ya fitar da Black Peter, inda Kyaftin Peter Carey kan kori matarsa da 'yarsa waje cikin dare yana tsula musu bulala har ihunsu ya tashi ƙauye. An taɓa kai shi kotu, amma saboda ya daki tsohon limamin cocin da ya je yi masa nasiha. Daren da aka soke shi da mashi, 'yar ta ji kururuwa ba ta kula ba, don ta saba jin haka idan ya bugu, kuma sai da rana ta take kafin a sami mai ƙarfin halin leƙa ɗakinsa. Uwar ta tsufa kafin lokacinta, tana kallon mutane a sace. 'Yar kuwa ta dubi masu bincike ido cikin ido ta ce ta ji daɗin mutuwarsa, ta sa wa hannun da ya kashe shi albarka. Gida ɗaya, bulala ɗaya, ɗaya ta karye, ɗaya ta ƙeƙashe. Beryl Stapleton ta The Hound of the Baskervilles ta fi su duka wuyar fahimta ga mai hukunci daga waje. Mijinta ya tilasta mata ta riƙa cewa ita ƙanwarsa ce, ta san yana shirya kisa, ta yi ta gargaɗin wanda za a kashe a fakaice, amma ta ƙi tona mijin. Da aka kwance ta daga jikin ginshiƙin da ya ɗaure ta, da shatin bulala a wuya, ta ce raunin jikin ba komai ba ne, zuciyarta da ranta ya azabtar, kuma duk ta jure ne muddin tana da sa ran yana son ta. Tsoro da so a ɗaure wuri ɗaya. Masu tambayar me ya hana ta tafiya sukan manta cewa na biyun ya fi na farkon riƙo.

Duk da haka, a hannun Holmes ciwon mace alama ce, kamar tokar sigari ko sawun takalmi. Yana karanta ta ne don ya kai ga mai kisa. Wadda ta juya abin ita ce Susan Glaspell, kuma a wurina labarinta A Jury of Her Peers na 1917 ya fi duk sauran zurfi. Tana 'yar jarida a Des Moines ta jihar Iowa a Amurka ta bi shari'ar Margaret Hossack, wadda aka zarga da sare mijinta da gatari yana barci a Disambar 1900. Maƙwabta sun san gidan ba lafiya, masu gabatar da ƙara kuma suka mai da wannan rashin lafiyar dalilin kisa. An yanke mata ɗaurin rai da rai a 1901, kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin, a shari'a ta biyu kuma aka kasa cim ma matsaya. Abin ya zauna a ran Glaspell har ta mai da shi wasan kwaikwayo a 1916, sannan gajeren labari.

A labarin, an sami John Wright a shaƙe da igiya a gadonsa, an tsare matarsa Minnie. Ba a nuna ta ko sau ɗaya ba. Maza sun hau sama suna neman dalilin kisa, suka bar mata biyu a kicin su haɗa mata kayan sawa, suna yi musu dariyar damuwa da ƙananan abubuwa. Matan nan, Martha Hale maƙwabciya da matar shugaban 'yan sandan yankin, su suka karanta gidan. An fara juye sukari an bari a rabi. An goge rabin tebur. Murhun ya lalace, siket ɗin ya sha faci, na macen da a da take ado tana rera waƙa a coci. Ɗinkin bargon da take haɗawa da ƙyallaye yana tafiya sumul, sai kwatsam ya hargitse, kamar hannun ya rabu da mai shi. Ƙofar keji a ɓalle. A cikin wani ɗan akwati mai kyau, a naɗe da siliki, kanari ne an murɗe masa wuya. Babu inda aka ce John ya taɓa dukanta. Mutanen gari mutumin kirki suke kiransa, ba ya sha, yana biyan bashi, yana cika alkawari. Shekara ashirin ne na shiru, ba ɗa, ba baƙo, ba wayar tarho, sai tsuntsu guda mai kuka, shi ma aka kashe shi. Glaspell ba ta neman sanin wa ya yi. Kowa ya sani. Tana bin sawun yadda zuciya ke ƙarewa. Kuma ta ɗora wa maƙwabciya nata kason: Martha ta ce rashin leƙo Minnie duk shekarun nan shi ma laifi ne, wa zai hukunta shi? Ta warware ɗinkin da ya hargitse ta sake shi, ta cusa akwatin a aljihun rigarta. A lokacin mata ba sa shiga cikin mutum goma sha biyun da ke yanke wa wanda ake tuhuma hukunci a Iowa, sai waɗannan biyun suka yanke nasu a kicin.

Ana yawan cewa Agatha Christie wasan ƙwaƙwalwa kawai take shiryawa, mutanenta ba su da jini a jika. A kan wannan batu ban yarda ba. A Appointment with Death na 1938 azzalumar uwa ce, Misis Boynton, tsohuwar ma'aikaciyar gidan yari, kuma ba ta ɗaga hannu ta daki kowa ba. Kuɗi a hannunta suke, a gida aka koyar da yaran, ba aboki, ba sana'a, ba fita sai da izini. Sun girma, ɗaya har ya yi aure, amma kallo ɗaya ya isa ya mai da su kujera. Babbansu Lennox ya daina ko sha'awar kuɓuta, matarsa tana roƙonsa su tafi yana cewa ya makara. Raymond da Carol suna ƙus-ƙus cikin dare a birnin Ƙudus kan cewa dole a kashe ta. Autar, Ginevra, tana zaune tana murmushi, hannayenta a ƙarƙashin tebur suna yayyaga hankici, ta gudu cikin tatsuniyar cewa ita 'yar sarauta ce da maƙiya ke nema. Likitan ƙwaƙwalwar da ke cikin labarin ya ce ba aikin gidan yari ne ya koya wa matar son mulki ba, son mulkin ne ya kai ta aikin. Da aka same ta a mace a Petra ta ƙasar Jordan, kowannensu ya yi wa Poirot ƙarya, don kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ya aikata. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi.

Littafin Christie Towards Zero na 1944 shi ya kai maganar ƙarshenta. Audrey Strange ta fara jin tsoron mijinta Nevile jim kaɗan bayan aure, ba tare da ta san dalili ba, ga shi ɗan wasan tanis mai fara'a da kowa ke yabo, har ta fara zaton ita ce ke haukacewa. Bayan sun rabu ya shirya kisa musamman don a rataye ta. Ranar da aka zo kama ta ba ta musa ba. Cewa ta yi ta ji sanyi, gara da abin ya zo ƙarshe. Ga duk ɗan sanda wannan iƙirari ne. Sufuritanda Battle bai karɓa ba, saboda a farkon littafin 'yarsa Sylvia ta amsa laifin satar da ba ta yi ba a makarantar kwana, bayan shugabar makaranta ta daɗe tana matsa mata da ido da tambayoyi. Irin kallon da ya gani a fuskar 'yarsa shi ya gani a fuskar Audrey. Mutum yana iya gajiya da jiran masifa har ya miƙa mata wuya don jiran ya ƙare. Ban san wani wuri a tsoffin labaran nan da aka faɗi wannan gaskiya a sarari haka ba. Kafin nan, a 1938, wasan Gas Light na Patrick Hamilton ya nuna miji yana ɓoye kayan gida yana cewa matarsa Bella ce ta ɗauke ta manta, yana tuna mata cewa mahaifiyarta da taɓin hankali ta rasu. Babban aikin tsohon ɗan sandan da ya shigo gidan bai wuce ya ce mata abin da take gani gaskiya ne ba.

Inda na fi samun damuwa shi ne yadda aka yi da yara. Wasan The Mousetrap na Christie, da aka fara nunawa a Landan a 1952, tushensa mutuwar Dennis O'Neill ce, yaro ɗan shekara 12 da ya rasu a Janairun 1945 a wata gona a Shropshire, a hannun ma'auratan da hukuma ta ba riƙonsa, bayan yunwa da duka. Mutuwarsa na cikin abubuwan da suka haifar da dokar kula da yara ta 1948. Christie ta ji zafin abin, babu shakka. Amma a wasan, ɗan'uwan yaron da ya tsira shi ne ya girma da ƙwaƙwalwa a taɓe yana bin mutane yana kashewa. Fannin yana buƙatar mai kisa mai dalili, kuma yaron da aka zalunta dalili ne mai sauƙin samu. Sakamakon shi ne mai kallo ya tashi yana tsoron wanda ya kamata ya tausaya wa, alhali mafi yawan waɗanda suka taso cikin uƙuba ba sa zama masu kisa.

Haka kuma siffar azzalumin. Roylott ƙato ne mai lanƙwasa ƙarfen tona wuta da hannu, Brackenstall da Carey mashaya ne, Nevile mahaukaci ne a ɓoye. Sau da yawa kuma kuɗi ne a ƙasan abin: kowace daga cikin tagwayen Stoner za ta tafi da fam 250 a shekara idan ta yi aure, shi ya sa maciji ke bi ta kafar iska yana saukowa ta igiyar ƙararrawa. Wannan yana kwantar wa mai karatu hankali, don yana nuna masa cewa zalunci aikin dodo ne, ko na mai kwaɗayin gado. John Wright, mai biyan bashi da cika alkawari, ya fi kusa da abin da ke faruwa a gidaje.

Babbar gazawar dai tana ƙarshen labari. Da zarar azzalumi ya mutu, an rufe littafi. An sa Helen Stoner a jirgin safe zuwa gidan 'yar'uwar mahaifiyarta, shi ke nan. Abin da muka sani game da sauran rayuwarta layi guda ne a farkon labarin, inda Watson ya ce rasuwarta da ƙuruciya ce ta kwance shi daga alkawarin yin shiru. 'Ya'yan Boynton, bayan shekara biyar, kowa ya yi aure yana walwala, Ginevra ta zama shahararriyar 'yar wasa. Audrey ta bi mutumin da ba ta daɗe da sani ba zuwa ƙasar waje. Misis Ferrars ta The Murder of Roger Ackroyd na Christie, wadda ta sa wa mijinta mashayi guba sannan mai neman kuɗin toshiyar baki ya matsa mata har ta kashe kanta, ta mutu tun a shafin farko, ba a ko ji muryarta ba sai a wasiƙa. Wilkie Collins, wanda ya riga su duka, ya fi su gaskiya a nan. A The Woman in White na 1859 zuwa 1860, Laura ta fito daga auren Sir Percival Glyde da gidan mahaukatan da aka jefa ta da wani yanki na rayuwarta a shafe daga ƙwaƙwalwarta. Ko an gifta da zancen sai ta fara rawar jiki ta rikice, kuma wannan giɓin bai cike ba har ƙarshe. A littafin ne kuma Marian, 'yar'uwar Laura, ta ce sai ta ga tabon da ke hannun Laura da idonta, don wata rana za ta iya rantsuwa a kansa a kotu.

Sai da Doyle ya kusa ajiye Holmes, a 1927, ya fitar da labarin da ya fara daga inda sauran suke tsayawa. A The Veiled Lodger babu abin da za a bincika. Eugenia Ronder ta yi shekara bakwai a ɗakin haya a kudancin Landan, fuskarta a lulluɓe. Mijinta mai gidan wasan namun daji ne, yakan ɗaure ta ya zane ta da bulalar doki idan ta yi ƙorafi. Ita da masoyinta suka shirya kashe shi su ɗora wa zaki, mijin ya mutu, zakin ya yage mata fuska, masoyin ya gudu ya bar ta. Shekara bakwai da mutuwar mijin, mai gidan haya tana jin ta cikin dare tana kururuwa tana kiran wani azzalumi, tana ramewa. Abin da take nema wurin Holmes shi ne kunne. Ya saurare ta har ƙarshe, ya gane tana shirin kashe kanta, ya ce mata ranta ba nata ba ne, ta cire hannunta daga kansa. Bayan kwana biyu ta aiko masa da kwalbar gubar ta gidan waya. Ya cece ta, kuma na yarda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya ba ta ta riƙe shi ne haƙuri, cewa juriyarta darasi ce ga duniya, sannan ta ci gaba da zama a ɗakin nan ita kaɗai.

Ba shi da wani wurin da zai tura ta. Gidan mafakar matan da ake duka da ya zama abin koyi a Ingila, a unguwar Chiswick ta Landan, sai 1971 aka buɗe shi. Ciwon firgicin da ke bin mutum bayan masifa ta wuce, mai kawo mugun mafarki da zaman ɗarɗar, sai 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi littafinta na cututtuka. Irin mulkin da Misis Boynton ta yi wa gidanta, na riƙe kuɗi da raba mutum da jama'a da juya masa tunani ba tare da duka ba, bai zama laifi mai suna a dokar Ingila da Wales ba sai 2015, shekara 77 bayan fitowar littafin.